Targaɗen da Na Ɗaure da Karan Karaya

Jikana Nura ya gurɗe a filin balo ranar Asabar, ran Talata sai ga shi yana ɗaura takalmi zai koma. Na ce ya zauna. Ya zaro salula ya nuna mini, wai an rubuta targaɗe sati ɗaya ne zuwa biyu, shi kuma jininsa mai kyau ne. Abokansa na tsaye a ƙofar zaure suna danne dariya, har ɗayansu ya ce, "Kaka, ai ɗori ba shi da wuya, ja ne da murza." Ban yi fushi ba. Na haura shekara arba'in ina wannan aiki a Madarumfa, kuma da nake kamarsu haka ni ma na ɗauka. To tunda ja ne da murza, ku nemi wuri ku zauna ku ji yadda ake jan.

Aikin farko da mahaifina ya ba ni shi ne ɗauko ƙafafun awaki daga wurin mahauta ranar kasuwa. Sai ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya miƙo mini ƙafa ɗaya, ya ce in faɗa masa inda ƙashi ya ƙare da inda jijiya ta fara. Wani lokaci ya riga ya fasa ƙashin da dutse a ɓoye, wani lokaci lafiya lau take. In na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya ce, "Sake." Na fi shekara ina jin wannan kalma. Bayan awaki sai ya koma tare masunta in sun fito daga tabki, ya zaunar da su a zaure da sunan hira, ni kuma in bi ƙafafunsu ina lalube, ƙafafu masu kaushi da warin kifi, ba abin da ya same su. Cewa ya yi hannun da bai saba da lafiyayyar ƙafa ba, ba zai gane mai ciwo ba. Sai da na shekara biyu a haka kafin ya bar ni na taɓa mutum yana kuka.

Kayan aikinmu ba su cika taiki ba. Karan dawa ne da ake tsagawa a saƙa shi kamar ƙaramin asabari, da igiyar rama, da tsumman saƙi mai laushi, da man shanu a tandu. Baba ba ya yarda da karan bana, sai wanda ya shekara a rumfa ya bushe ƙayau. Har yau in na ji ƙamshin tsohon man shanu sai in gan shi zaune a kan buzunsa, ya naɗe hannun riga, yana tofa addu'a a tafin hannu. Zauren nan da kuke gani shiru, a da cike yake wuni. Mai jinya na kwance, ƴan dubiya na cin goro, wani ya kawo kaza, wata ta aiko da ƙwaryar nono. Ina kewar lokacin ƙwarai.

Wata mata mai lambu ce ta koya mini cewa ja ba ya cikin maganin targaɗe. Ta zame a bakin rijiyar lambu da bokiti biyu a hannu, aka kawo ta idon sawu ya yi suntum. Baba ba ya nan. Mijinta ya tsaya a kaina yana cewa in ja, ni kuma na ja, na murza da ruwan zafi, ta yi ihu, kowa ya ce yaro ya iya aiki. Washegari ƙafar ta ninka kumburi, ta yi baƙi har yatsu. Baba ya dawo ya duba, ya ce da ni, "Jijiya ta yage, kai kuma ka ƙara mata. Tsumman da ya yage ja ake yi?" Ya sa aka jiƙa zane da ruwan randa ana ɗora mata, aka tada ƙafar a kan matashi, aka ɗaure ba tamau ba. Kwana uku ba murza ba ruwan zafi. Har gobe mutane in ba ka ja sun ji zafi ba sai su ce ba ka yi komai ba.

Yadda ake bambancewa kuwa, ka bi bayan ƙashin idon sawu da ɗan yatsa, ciki da waje. In mutum ya zabura a kan ƙashin, kuma ya kasa taku huɗu, ka ji tsoron karaya. In ciwon na cikin ɗan kwarin nan mai laushi da ke gaban ƙashin, jijiya ce. Yanzu in na yi shakka, wurin likita nake tura mutum Maradi a yi masa radiyo a ga hoton ƙashin, ba na jin kunyar haka. Baba da kasuwa yake lissafin warkewa, daga wannan kasuwa zuwa mai zuwa. Ƙaramin targaɗe kasuwa ɗaya ko biyu. Wanda ya kumbura ya yi baƙi, huɗu zuwa shida. Akwai wanda yake cin wata uku, ya fi wata karayar daɗewa. Kuma daina jin ciwo ba shi ne warkewa ba. Baba ba ya sallamar mutum sai ya gan shi ya yi zaman tahiya ya naɗe ƙafar ƙarƙashinsa bai yamutsa fuska ba, ya tsuguna diddige a ƙasa, ya tsaya da ƙafar ita kaɗai ya sa wando. Wanda ya yi gaggawa, jijiyar sakakkiya take haɗewa. Na san ƴan kabu-kabu da masu lodi a garin Ɗan Issa da yawa da ƙafarsu ke juyewa ko tsakuwa suka taka, shekara da shekaru.

Abin da ya sa ba a jira shi ne targaɗe ba shi da girma a idon mutane. Karaya kam sarauniya ce. Wanda ya karye a shimfiɗa masa tabarma, a zo dubiya, a dama masa fura, maƙwabta su ɗauke masa aiki. Wanda ya yi targaɗe kuwa, kwana biyu in bai tashi ba sai a fara cewa raki ne, matarsa ma ta fara ajiye masa kwano da ƙarfi. Wannan ne ya kai ni ga abin da zan faɗa muku, wanda rabin garin nan ya sani, amma ba daga bakina ba.

An kawo mini Idi a kan amalanke wata Laraba da hantsi. Abokina ne tun muna kiwon awaki a bakin tabki, ƙauyensu na can bayan ruwa, tafiyar sa'a guda a ƙasa. Baba ya rasu da shekara uku, zaure ya zama nawa. Shekarar ce damina ta makara har aka fita roƙon ruwa sau uku, rumbuna suka zama fayau, gidaje da yawa garin rogo suke jiƙawa. Ranar sai hadari ya taso. Idi ya hau gyara jinkar rumbu da sauri, ya diro, ƙafar dama ta sauka a gefen dutse. Mai garinsu ne ya ba da shanunsa, shi da kansa ya rako shi.

Na bi ƙashin, ciki da waje, bai zabura ba. Na danna kwarin, ya kusa marina. Targaɗe ne mai ƙarfi, na kasuwa biyar.

"Sanda, ja mini ita ka ɗaure tamau," in ji shi. "Ruwa na zuwa yau ko gobe."

"Ba ta takuwa, Idi."

"Kai kam akwai ka da wasa. Wa za shi yi mini shuka? Ƙannena duk sun tahi bidar kuɗi, matata Hajo na da tsohon ciki, babbar ɗiyata shekararta tara."

Ku da ba ku taɓa wuni a gona ba, bari in faɗa muku yadda shuka take. Ka sara rami da sungumi, a jefa iri, a ja ƙasa da gefen ƙafa a rufe, a danna da diddige. Haka rami bayan rami, cikin rairayi mai nutsewa, daga safe har rana ta faɗi. Kwana biyu ne kawai kafin laima ta gudu. Kuma daga shuka sai noman farko ya biyo baya. Na san Idi, ko da rarrafe ne zai je. Na kuma san in ya je, ƙafar nan ba za ta sake zama ƙafa ba, ga shi ba shi da wata dukiya sai ita. In na ce targaɗe ne, ba mai barin gonarsa ya zo tasa, a shekarar da kowa ke jin yunwa.

Mai gari ya sunkuyo ya ce, "Malam Sanda, ta karye ne?"

Na dubi Idi, na dubi hadarin ta ƙofar zaure. Na ce, "Ta karye, ranka shi daɗe."

Na ɗauko asabarin kara na naɗe ƙafar tun daga ƙwauri, na ɗaure da igiya wuri uku, yadda ake yi wa karaya. Idi ya yi salati, ya kwanta shiru, duk gardamar nan ta mutu. Da la'asar ruwa ya sauka. Mai gari ya yi shela, ran Juma'a da safe bayan kowa ya gama tasa, aka yi wa Idi gayya, maza da mata suka shuke masa gona kafin azahar. Noman farko ma aka yi masa. Ya kwanta a inuwar rumbunsa kamar ango, ana kawo masa abin da ya samu.

Bayan kasuwa uku na je na kwance karan, don in ya daɗe gaɓar za ta sandare. Na ce ya taka a hankali da sanda. Ya taka. Mata suka yi guɗa. Bayan wasu kasuwa biyu ya yi zaman tahiya a gabana, ya tsuguna, ya sa wando a tsaye, na sallame shi. Gero ya yi a shekarar, ba laifi. Na ce a raina ƙaryar ta yi aikinta ta wuce.

Ba ta wuce ba, don Idi ba ya iya riƙe abin daɗi a ciki. Duk ranar kasuwa sai ya zo zauren nan ya naɗe wando ya ɗora ƙafa a kan turmi. "Kun ga wagga ƙahwa? Biyu ta rabu, da kunnena na ji ƙarar. Kasuwa uku Sanda ya tada ni." Kowace shekara karayar ƙara muni take yi a bakinsa, har ta kai ƙashi ya leƙo waje. Ya ce in ruwa zai zo wurin karayar ke fara faɗa masa, mutane kuma suna tambayarsa da gaske. Suna ya tafi. Aka riƙa kawo mini karaya daga ƙauyukan iyaka, har daga tsallake. In ta mutum ba ta haɗe a kasuwa uku ba, ya tambaya, sai in ce jini ya bambanta. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin yabon. Sau da yawa na yi niyyar jan Idi gefe in faɗa masa, sai in ga yadda fuskarsa ke haske in yana ba da labarin, sai in ce bari sai wani jiƙon. Haka aka shekara goma sha biyu.

Rakiya, babbar ɗiyar nan tasa, ta girma ta yi aure har da goyo. Suna dawowa daga lambu da lodin tumatir amalanke ya kife, ƙafar amalanken ta bi ta kan ƙwaurinta, ɗan sama da idon sawu. Ina taɓawa na ji ƙashi na motsi a ƙarƙashin yatsana. Na sa aka kai ta Maradi aka yi radiyo, hoto ya nuna ya rabu amma bai goce sosai ba. Danginta suka ce ni suke so, suka dawo da ita. Na ɗora, aka kai ta gidan ubanta jinya. Na faɗa musu wata uku ne. Idi ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ka ce mini ni ma."

Ranar da ta cika kasuwa uku na tafi da hantsi in sake mata tsumma. Tun daga bakin gari na ji ƙamshin miya. Na tarar da gidan cike, mai gari na kan kujera ya tsufa, dangin mijinta sun zo, an yanka zakara biyu. An fito da Rakiya tsakar gida a kan tabarma, jaririnta na gefe. Idi ya tarye ni yana washe baki.

"Ga shi nan ya iso. Yau ɗiyata za ta taka, kamar yadda ubanta ya taka."

"Ba yau ba, Idi. Da saura."

"Saura mi? Ni da nike da shekara arba'in na tashi kasuwa uku, ita da jininta ke tafasa?"

"Jini ya bambanta."

"Jinina ne a jikinta." Aka yi dariya. Ya juya wurin baƙi ya ce, "Tsufa ya sa mishi tsoro. Ni na san aikin ga, a jikina anka yi shi." Sai ya zaro wuƙa daga kube ya tsuguna gaban ƙafar.

Na ce, "Idi, zo waje mu yi magana."

"Mi za ka hwaɗa mini da mutanen ga ba za su ji ba?"

Ya yanke igiyar farko. Na riƙe masa hannu, ya fizge, cikin raha dai, ya yanke ta biyu. Karan ya buɗe. Ya sa hannu a hammatarta zai ɗaga ta, mijinta ya kama ɗaya gefen. Ƙashin da ya yi sati uku ɗanye ne, in aka ɗora masa nauyin mutum lanƙwashewa zai yi, ya haɗe a karkace, ko ya sake rabuwa. Yarinyar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba Sanda, in taka?"

Na ce, "Kada ki taka." Sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Idi, taka ba karaya ba ce. Targaɗe ne. Ƙashinka bai taɓa ko tsagewa ba. Ni na yi ƙarya na ɗaure ka da kara don a yi maka shuka ka samu ka kwanta. Ba wanda ke tada karaya a kasuwa uku, ko ni, ko ubana."

Can daga wajen samari wani ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya, wasu suka bi. Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "To." Idi ya saki hammatar ɗiyarsa a hankali, ya mayar da wuƙa kube, ya shiga ɗaki ya saki asabari. Ni kuma na tsuguna na sake ɗaure ƙafar. Ban ci naman zakarun ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya zaga cewa ɗorin Sanda na ƙarya ne. Zaure ya koma wurin kwanan awaki, sai in wuni ban ga ƙafa ɗaya ba. Na koma lambu ina yi wa albasa ban ruwa don a ci abinci. A hankali mutane suka dawo, don ƙafa in ta yi ciwo ba ta tambayar tsohon labari. Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya samu Idi. Mai gari ya faɗa mini ba wanda ya riƙe zancen gayya a rai, sun ce ai ko ba komai mutumin ba ya iya tsayuwa a lokacin. Tsokana ce ta gama da shi. Yara suka sa masa suna Mai Karaya. In hadari ya taso sai wani ya ce, "Malam Idi, mi targaɗen ya ce?" Mutumin da ya fi kowa surutu a kasuwa ya daina zuwa kasuwa.

Na ci gaba da zuwa duba Rakiya duk sati. In na shiga ta ƙofa, shi ya fita gona. Ta taka bayan kasuwa goma sha biyu, ta yar da sanda a wata na huɗu, ƙafa miƙaƙƙiya kamar ba a taɓa ba. Bayan na sallame ta na koma sau uku takanas don in ba shi haƙuri, sau uku ana cewa ba ya nan, ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Na aika mai gari, na aika liman. Amsa ɗaya ce, wai ba shi da komai da ni. In mun haɗu a jana'iza ya miƙo hannu, idonsa na wani wuri. Shekara tara muna haka. Na yi kewarsa fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na san laifin ba na ranar da na faɗi gaskiya ba ne, na shekarun da na zauna ina jin daɗin labarinsa ne.

Bara waccan, bayan girbi, aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa. Na hau moto aka kai ni, na samu salla, na bi har maƙabarta. Da aka dawo na shiga cikin gida yi wa mata gaisuwa. Rakiya ta taso daga can ƙarshen tsakar gida da kwanon ruwa a hannu. Ban iya hana idona ba, ƙafarta nake kallo, tana taku daidai, diddige na sauka sosai. Ta durƙusa ta ajiye ruwan.

"Baba Sanda, ya bar maka saƙo. Ya ce in ka zo in hwaɗa maka, kuma kada in rage komi."

"Ina jin ki, ɗiyata."

"Ya ce ya gode da ƙahwar Rakiya." Ta share ido da bakin mayafi, sai kuma na ga tana neman yin murmushi. "Ya ce amma tashi, ko mi za ka ce, karaya ce."

Na daɗe ina kallon ruwan nan ban sha ba. Sannan na ce, "Karaya ce. Allah ya jiƙansa."